Littafin da Muka Ce Ya Ƙare

Surukata ce ta kore ni daga ɗakin yara na asibiti da safen nan. Ta ce na fara tsami, kuma tsayuwar da nake yi a kan 'yata Temwa ba ta ƙara mata lafiya ko kaɗan.

"Je ki yi wanka, NyaHarawa, ki leƙa wurin aikinki kafin su ɗora wata a kujerarki," in ji ta, don ita da sunan danginmu take kirana. "Yarinya ta samu barci. Dube ta, kamar ba ita ce ta firgita mu ba."

Gaskiyarta. Shekaranjiya zazzaɓi ya kayar da Temwa har ta riƙa jijjiga, ido a kafe, haƙora a datse, muka kawo ta asibiti a guje. Shekararta huɗu, kuma ita kaɗai gare ni. Tun da aka fara ɗura mata wani magani ta robar da ke bayan hannunta jijjigar ta tsaya, sai barci. Ubanta yana can Joni, babban birnin nan na ƙasar waje, yana aiki, abin da ya iya kawai shi ne ya kira ya ce, "Me likita ya ce?" sai ka ce likitocin nan zama suke yi su yi hira da mutum.

Gadon da ke kusa da nata babu kowa, an naɗe katifar. Jiya da hantsi yarinyar da ke kansa ta rasu, Tionge, sa'ar Temwa, ita ma da jijjiga aka kawo ta. Kakarta NyaJere tana can rumfar masu jinya, inda mata ke dafa wa marasa lafiyarsu abinci, tana jiran ɗanta ya samu hanyar zuwa da mota daga bakin tafki, don ruwan sama ya yanke gada. Ita da surukata NyaMhango murhu ɗaya suke haɗawa tun zuwanmu. Na ƙi yarda idona ya faɗa kan gadon nan.

Kafin in fita na leƙa tiren nas, na kwafi sunan maganin a tafin hannuna da biro. Ba don ina zargin kowa ba. Ciwon sana'a ne kawai: abin da ban san cikakken sunansa ba, ba ya barina in zauna lafiya.

Aikina yi wa littattafai kati, a ɗakin karatu na kwalejin koyon jinya da ke kan tudu, saman asibitin. Katin takarda ya daɗe da mutuwa, komai ya koma cikin kwamfuta, amma har yau kati muke cewa. Shugabanmu Mista Chavula, dattijo mai sa kwat ko da rana za ta narka mutum, shi ya koya mana cewa abu uku ne kawai ke shigowa ɗakin karatu. Akwai wanda ya ƙare, wato littafi, an buga an gama, ka yi masa kati sau ɗaya ka manta da shi. Akwai mai zuwa bi da bi, mujalla ke nan, fitowar bana ta zauna kusa da ta bara, in ta canja suna ka buɗe mata sabon kati ka ɗaura shi da tsohon. Sai na ukun, wanda intanet ta haifo don ta hana mu sakat: shafin da ke canjawa a inda yake zaune. Yau ka gan shi haka, gobe an goge an rubuta wani abu a kai, na jiya ya ɓace. Shi wannan, katinsa fuskarsa ta yau yake bi. Duk zangon karatu sai mun koma mun dube shi, in suna ya canja mu ɗora sabon a sama mu tura tsohon ƙasa, mu rubuta ranar da muka gan shi.

Jagoran magungunan yara da asibitinmu ke aiki da shi irin na ukun ne. Wata ƙungiyar likitoci ce ke kula da shi a intanet. To amma sabis a tudun nan sai addu'a, kafin shafi ya buɗe ka tafasa ruwa ka sha shayi ka wanke kofi. Don haka a 'yan shekarun baya muka sauke shi gaba ɗaya muka ajiye a kwamfutar ɗakin karatu, inda yake buɗewa nan take har daga asibiti. Aka zauna a kan wane irin kati za a yi wa abin da muka sauke. Mista Chavula ya ce tunda ya sauko ya daina motsi, ai ya ƙare, littafi ne. Muka duba ƙa'ida, haka ta ce. Muka yi masa katin littafi, na intanet yana da nasa daban, muka ci mandasi, fanken nan namu, muka watse. Kowa ya yaba mana, har daga asibiti aka aiko da godiya.

Da na shiga ofis na tarar da abokin aikina Fiskani ya baje a kujerata, ƙafa a kan kwandon shara. Shi da ainihin sunana yake kirana.

"Kai, Yaya Towera! Wa ya aike ki? Yaya jikin gimbiyar?"

"Da sauƙi. Barci take ta yi."

"To madalla. Ke ma je ki yi, idon nan naki kamar an zuba masa barkono."

"Tashi min daga kujera kafin in zuba wa naka."

Ya tashi yana dariya. Na zauna na nemi jagoran, kati biyu suka fito, na sama kwafinmu, na ƙasa asalin da ke intanet. Duk nas mai hankali na sama za ta latsa, wa ke da lokacin jira? Ni kuwa hannuna ya riga ya saba, mai yin kati ba ya kallon kwafi in akwai asali. Na latsa na ƙasa. Ina jira na lura cewa sunan jagoran ma ya canja, an ɗora sabon a sama, an tura tsohon ƙasa, ga haruffan farko na sunan Fiskani da kwanan watan zangon da ya wuce. Aiki tsaf, ba abin da za ka ce a gyara.

Shafin ya fara saukowa kaɗan kaɗan, kamar ana ɗaga labule. Suna ya fito. Tambarin ƙungiyar ya fito. Sai wani jan akwati a ƙasansu, da rubutu a ciki. Ya ce duk wanda ya sauke tsohon jagoran ko ya buga shi a takarda ya daina aiki da shi. Ya ce a jadawalin wani magani layuka sun zame, adadin da aka sa wa yara masu ƙaramin nauyi na waɗanda suka fi su girma ne nesa ba kusa ba. Ya ce yawansa yana sa barci mai nauyi, yana rage numfashi, yana iya tsayar da shi.

Na buɗe tafin hannuna. Gumi ya fara cinye biron, amma sunan yana karantuwa. Na bi shi harafi bayan harafi ina roƙon Allah ya sa ɗaya ya bambanta. Babu wanda ya bambanta.

Na buɗe kwafinmu, ya buɗe nan take kamar kullum. Na nemi layin nauyin Temwa, don ni na ɗora ta a kan ma'auni ranar da muka zo. Na duba na intanet, na duba namu. Ba su yi daidai ba, ba su ma yi kusa ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ji muryar surukata a kunnena tana cewa dube ta yadda take barci.

"Fiskani." Muryata ta fito siririya. "Ranar da ka gyara katin nan, ka ga wannan jan akwatin?"

Ya sunkuyo ya karanta. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Ni suna na duba, Yaya, da masu bugawa, da kwanan wata. Kin san dai yadda..."

"Na sani."

Na sani, don ni ma haka nake yi, Mista Chavula ma haka. Mu ba ma karanta littafi. Fuskarsa muke kallo mu rubuta abin da muka gani mu wuce na gaba. Shi kuma kwafin ba wanda ya sake waiwayarsa, don abin da ya ƙare ba a komawa kansa. Ba wanda ya karya ƙa'ida ko ɗaya, ga shi 'yata tana kwance.

Mista Chavula ya fito daga ofishinsa jin shirunmu. Ya karanta ta saman tabarau, leɓensa yana motsi.

"Bisa ƙa'ida, abin da aka sauke..." Ya tsaya. Ya cire tabarau. "Maman Temwa, wannan suke ba ta?"

Na nuna masa hannuna.

"Yaushe za a ba ta na gaba?"

"Kafin abincin rana."

Dukkanmu muka ɗaga kai muka kalli agogon bango. Rana ta kusa tsakiya.

"Ruga, 'yata," in ji shi, mutumin da bai taɓa kirana haka ba. "Ruga. Mu za mu cire shi daga nan."

Na'urar bugawa ba ta da tawada tun watan jiya, sai na ɗauki hoton shafin da wayata. Na kira lambar ɗakin yara ina saukowa daga bene, tana ta ringi ba a ɗauka ba. A waje ruwa yake yi, hanyar tudun ta zama jan taɓo. Na zame na faɗi a kan gwiwa, na tashi, takalmina ɗaya ya maƙale na bar shi a can. Ɗalibai da ke fakewa a baranda suna kallona, wata ta ce, "Ba Madam ta laburare ba ce?" Abin da nake faɗa a raina kawai shi ne, Yesu, ka sa su makara yau, su da kullum makara suke yi.

Mai gadin asibiti ya tare ƙofa da sandarsa.

"Lokacin ziyara bai yi ba, Madam."

"Ni ma'aikaciya ce, Baba, ga katina."

"Na kwaleji ne. Nan asibiti ne. Masu abinci kawai ke shiga yanzu."

"'Yata ce a ciki!"

"Duk waɗannan da kike gani 'ya'yansu ne a ciki. Ina kwanonki?"

Da ina da lokaci da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na juya na faɗa rumfar masu jinya. Hayaƙi ya cika ta, mata na tuƙa nsima, tuwon masara, a durƙushe. NyaJere tana zaune a kan tabarma kusa da murhunsu, zani baƙi a kanta, ga tukunya a rufe a gabanta. Matar da jikarta ke ɗakin gawa ce, amma ta tashi ta yi tuƙi, don hannu ya saba.

"Yauwa, 'yata," ta ce da ta gan ni. "Kai wa uwar mijinki, tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Me ya same ki haka, duk taɓo?"

Na sungumi tukunyar da zafinta na koma ƙofa. Mai gadi ya ɗaga sanda ya ce, "To ko ke fa."

Yau ba su makara ba. Keken magani yana tsakiyar ɗakin, Sista Nyasulu mai kula da ɗakin yara tana tsaye a kansa, wata ɗalibarmu na zuƙo magani a sirinji. Gado ɗaya ya rage tsakaninsu da Temwa. Na dire tukunyar a ƙasa, na wuce su, na kife hannuwana biyu a kan robar da ke hannun 'yata. Hannun yana da ɗumi, amma ko motsi ba ta yi ba.

"Sista, kada ku ba ta. Don Allah kada ku ba ta."

Sista Nyasulu mace ce da likitoci ma ke gyara tsayuwa in ta shigo. Ta kalle ni daga kai har ƙafar da babu takalmi.

"Maman Temwa, lafiya?"

"Akwai kuskure a adadin. Ku duba wayata."

"Waya." Ta yi tsaki. "Tunda wayar nan ta zo kowace uwa ta zama likita. Jiya wata ta nuna min cewa tafarnuwa na kashe zazzaɓi. Matsa, muna da yara da yawa."

"Ba daga wani wuri ba ne, daga masu jagoran ne da kansu. Wanda kuke aiki da shi tsoho ne."

"Tsoho?" Ta nuna bango da haɓa. A saman wurin wanke hannu an manna jadawalin, an lulluɓe shi da leda don kada ya jiƙe. "Daga ɗakin karatunku ya fito. Ga hatiminku nan a ƙasa. Ko ba naku ba ne?"

Namu ne. Daga inda nake ina hango shuɗin tawadarsa.

"NyaHarawa, kin haukace ne?" Surukata ta kama gefen rigata tana raɗa da ƙarfi. "Ki ba su haƙuri. Mutanen da suka tsayar mata da jijjiga za ki yi wa rashin kunya? Sista, ku yi haƙuri, rashin barci ne."

"Ki saurare ni," in ji Sista, muryarta ta sauko, abin da ya fi tsawarta ban tsoro. "In ba a ba ta wannan a kan lokaci ba, jijjigar tana iya dawowa. In ta dawo ta daɗe, yarinyar da za ki koma da ita gida ba wadda kika kawo ba ce. Kin ɗauki wannan a kanki?"

Nan shakka ta kama ni. Me na sani? Ni ban san magani ba, ban san abin da lambobin ke nufi a jikin mutum ba, na ga dai biyu ba su yi daidai ba. In ni ce na karanta ba daidai ba fa? In layin wani nauyi na duba? Na tuna idanunta a kafe shekaranjiya, na ji kamar in ɗage hannuna in ce ku ba ta. Ta kowace fuska na juya mutuwar 'yata nake gani, kuma ta kowace fuska da hannuna a ciki. Na durƙusa a kan siminti ban saki robar ba.

"Ban ɗauki komai ba, Sista. Ban san komai ba. Ku karanta kawai. In kun karanta kun ce a ba ta, ni zan riƙe muku hannun."

Iyaye mata duk sun juyo. Sista ta miƙo hannu kamar mai karɓar abin ƙazanta. Ta nisanta wayar da idonta, ta matso da ita, ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ta ɗaga kai ta kalli bango. Ta sake kallon wayar. Sai ta zagayo, ta yaye zanin da aka rufa wa Temwa, ta kama agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta zuba wa cikin yarinyar ido. Ni ma na zuba. Ya ɗaga, ya sauka. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na buɗe baki zan yi ihu, sannan ya sake ɗagawa. Tun safe haka take yi a gabanmu muna cewa ta samu barci.

Sista ta ɗaga mata fatar ido, ta kira sunanta, ta murza mata ƙirji da ƙarfi. Temwa ta ɗan yamutsa fuska, shi ke nan.

"Ajiye sirinjin nan," ta ce wa ɗalibar. "Kira min Likita Luhanga, duk inda yake, ko a banɗaki ne. Ke, jawo na'urar iska."

Daga nan ba wanda ya sake bi ta kaina. Likita Luhanga ya zo da sauri, ya karanta, ya kira wani a waya, ya yi lissafi a bayan hannunsa. Suka sa wa Temwa robar iska a hanci, suka juya ta gefe, suka ajiye wata jakar roba ta hura numfashi a kan matashinta. Suka ruga gadon wani yaro a ƙarshen ɗakin da shi ma aka fara masa maganin da safe. Sista ta je ta finciko takardar daga bango har da fentin, ta ninke ta ta cusa a aljihu.

"Za ta tashi?" na tambayi likitan.

"Sai maganin ya fita daga jikinta, Mama. Za mu zauna a kanta. In jijjigar ta dawo muna da abin da za mu yi." Bai ce za ta tashi ba, na lura.

Haka muka wuni. Na zauna a ƙasa, haɓata a bakin gado, ina bin cikinta da ido, duk lokacin da ya sauka sai nawa numfashin ya tsaya har sai ya ɗaga. Surukata ta kama ƙafar yarinyar tana addu'a a ciki. Ubanta ya kira, ban ɗauka ba. Mista Chavula ya kira, na ɗauka. Ya ce sun cire kwafin, amma ɗaliban da aka tura ƙananan asibitocin ƙauyuka da yawansu sun tafi da shi a wayoyinsu, shi da Fiskani suna kiransu ɗaya bayan ɗaya, wasu ba sabis. "Littafi in ya fita na san ranar dawowarsa," in ji shi, muryarsa ta tsufa. "Wannan ban san hannu nawa ya shiga ba."

Rana ta yi sanyi, ruwa ya ɗauke, sannan shirun da ke tsakanin numfashinta ya fara gajarta. Can ta motsa hannu tana neman cire robar hancin. Ta buɗe ido, ta lumshe, ta sake buɗewa, ta daɗe tana kallona.

"Mama," ta ce, murya a shaƙe, "kin yi wasa da taɓo. Kaka za ta yi miki faɗa."

Surukata ta fashe da kuka. Ni ban iya ba, na kife fuskata kawai a kan gadon kusa da hannunta.

Da Sista Nyasulu ta zo duba ta na bi ta har wurin wanke hannu, inda bangon ya yi fari a gurbin takardar.

"Sista, yarinyar gadon can. Tionge. Ita ma wannan aka ba ta?"

Ta ci gaba da wanke hannu, tsakanin yatsu, bayan hannu, har gwiwar hannu.

"An kawo ta a makare, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta," ta ce. "Mun rasa irinta da yawa tun kafin a san maganin nan."

"Amma an ba ta?"

Ta rufe famfo. Idonta ya yi ja.

"Koma wurin 'yarki, Maman Temwa. Za a zauna a kan maganar, ni zan fara kai ta."

Ina komawa na ji mata sun fara waƙar coci a waje, a hankali, irin wadda ake yi in za a fita da gawa. Motar ɗan NyaJere ta iso. Ba a daɗe ba sai ga ta a bakin ƙofa, ta zo karɓar tukunyarta da yin sallama. Tukunyar tana nan inda na dire ta, ba wanda ya buɗe. Ta ɗauka, ta miƙa wa surukata ƙullin garin masara da ya rage mata, ta ce ita ba ta da wanda za ta tuƙa wa a nan kuma. Sannan ta juyo wurina ta kama hannuwana biyu, har da wanda biron ya dame a ciki.

"Uwar mijinki ta ce a gidan littattafan da ke koya wa nas-nas kike aiki. Allah ya saka muku, 'yata. Kun yi iya ƙoƙarinku a kan jikata, na gani da idona, ba ta sha wahala ba."

Na so in ja hannuna, ta riƙe gam. Kunya da tsoro suka kama ni, na sunkuyar da kai.

Ta leƙa gadon. Temwa tana kallonta ta saman robar hancin.

"A'a, ƙawar Tionge ta tashi!" Ta shafa mata kai, ta yi ɗan murmushi. "Barci iri ɗaya suka yi, ka ce tagwaye. Tawa ce dai ba ta farka ba."

Ta ɗora tukunyar a ka ta fita wurin masu waƙa.